Ranar da Audi Maharbi Ya Koyi Goyo

"…to madalla. Ina Huraira? Ina karnukan nan naka da suka fi ka hankali?"

"Duk lafiya lau. Karnuka ma sun ce in na iso in gaida yayarsu."

"Ina amsawa. Ka ce musu har yanzu ina tausayinsu, su da wahalar kamu, wani ƙato da karɓar kirari."

Ina jin haka na ajiye mudu na gyara zama, don na san yau ciniki ya tashi. Ni ce Rabi'atu mai gishiri da kanwa. Rumfata manne take da ta Asibi mai gwanjon jakunkuna a kasuwar Birnin Gwari, shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan wannan rikici kyauta. Mutumin da ya tsaya mata a ka da hantsin nan, sanda a hannu, hula a karkace, Audi ne, maharbi daga wajen Kuyello. Uwarsa da uban Asibi ciki ɗaya suka fito, wato taubasai ne, in ka ga sun gaisa ba zagi to ɗaya ba shi da lafiya. Shi masallaci, ita coci, amma kaka ɗaya ce ta goye su, wata tsohuwar Gbagyi da ta rasu tuntuni. Asibi ta gaji kakar a abu guda: har gobe ba ta ɗora kaya a ka, a kafaɗa take ɗauka irin na matan gidansu. Shi kuwa Audi, tun suna yara ba abin da yake yi mata dariya a kai kamar wannan.

Abin da Audi bai sani ba, matarsa Huraira ta riga shi zuwa da mako guda. Ta ja Asibi bayan rumfa tana raɗa, ni kuwa buhu ne kawai tsakaninmu, to ya zan yi da kunnuwana, in cire in ajiye? Shekara shida maharbansu ba su shiga daji ba saboda matsalar 'yan bindiga da kowa ya sani. Bana da abubuwa suka lafa, Sarkin Baka ya sa rana, Asabar mai zuwa, can bayan Kuyello, nesa da gandun dajin gwamnati. Babur ba ya kaiwa wurin, tafiyar wuni ce a ƙafa, kuma Sarkin Baka ya kafa doka: kowa zai ɗauko kasonsa na nama da kansa, wanda ba zai iya ba ya zauna gida. To Audi shekara arba'in yana ɗaukar nama a ka, wuyansa ya gaji. Yanzu ko damin dawa ya ɗora sai hannunsa na dama ya mutu har yatsu. A asibiti an faɗa masa ba ɓoye-ɓoye, in ya sake ɗora kaya a ka, hannun zai iya tafiya ya ƙi dawowa. Ban da ita bai gaya wa kowa ba, ya ce gara ya faɗi a daji da a ce ya zauna gadin kaji. Wallahi har ni sai da ya ba ni tausayi, duk da bakinsa.

Ya jingina sandarsa da tebur, ya ce, "'Yar Kawu, jakar goyo nake nema. Ba tawa ba ce fa, ta wani abokina ce."

"Wane abokin?"

"Ba ki san shi ba."

"Allah sarki. Yaro ne? Ga wata nan mai hoton agwagwa, har da wurin gorar ruwa."

"Babba ne!"

"Tsawonsa fa?"

"Kamar ni."

"Tumbinsa?"

Ya ɗan ja ciki. "Kamar ni ɗin dai."

"Gemunsa ya yi furfura gefe guda kamar wanda ya kwana kan gari?"

"Ke jaka kike sayarwa ko aure za ki ɗaura masa?"

"Wa zai aure shi? Me zai zuba a ciki?"

"'Yan kaya ne. Bargo, garin rogo, ruwa, gishiri. Sai kuma, a ce dai, in zai dawo, rabin mazo haka."

Asibi ta tafa hannu ta juyo wajena. "Rabi'atu, kin ji? Abokin nan ma farauta yake. Allah Ya sa dai ya fi wani gane gada da akuya."

"Kada ki soma!"

"Ni na harbi akuyar Baba Enoch a bayan coci? Da igiya a wuyanta fa, Rabi'atu, da igiya!"

"Akuyar ce ta yi tafiyar gada. Kuma shekara talatin da maganar nan, Baba Enoch ya yafe, akuya ta yafe, ke kaɗai kika rage."

"Ni ce magajiyarta."

Ya yi tsaki ya shiga duba jakunkunan da ke rataye. Na lura in zai kalli gefe, gaba ɗaya yake juyawa har ƙafafu, kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Asibi ma ta gani, ta kau da kai. Can idonsa ya faɗa kan wata ƙatuwar jaka mai launin kakin soja, sai sheƙi take, zif ta ko'ina. Ya sauko da ita yana shafawa yana ƙirga aljihu.

"Goma sha ɗaya! Wannan ita ce jakar maza. Nan harsashi, nan goro, nan ashana, nan wuƙa…"

"Nan kuma likkafani."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

"Audi, kai fa ba ka da kai sai na ɗaukar kaya. Wata biyar jakar nan ta zo cikin dila, ka ga wanda ya taya? Ka goya wannan ka bi hanya, a shingen farko za a sauke ka a ce ina ka samo kayan soja. In ka tsallake ka shiga daji, wanda ya hango ka ta cikin ganye ba zai tsaya tambayar sunan babanka ba. Kyan ɗan maciji ne da ita."

Wannan ta shige shi. Amma Audi ne, ba zai faɗi ƙasa a gaban Asibi ba.

"Sai in rina ta da baba."

"Ka rina. Ɗinkin fa, shi ma rina shi za ka yi? Kalli hannayenta, layi ɗaya tal, zare kamar na ɗinkin hula. An yi ta ne don ɗaukar biredi da waya."

"Ke dai ba ki son ganin namiji ya yi kyau."

"Namiji? Ina yake? To ba gardama, sai an gwada akan san na ƙwarai. Rabi'atu, ara mana ƙaramin buhun nan."

Na ce, "Gishirina? Ni me na yi muku?"

"Aro ne."

"Aron da ake yi wa gishiri a miya?"

Ban gama rufe baki ba sun kinkimo buhun, wanda ni sai mun kama mu biyu nake iya ɗaga shi, sun cusa a jakar, har da dunƙulen kanwa biyu, wai su ne ruwa da gari. Audi ya zura hannuwa ya miƙe yana cije baki. Jakar ta zazzago masa har ɗuwawu, igiyoyin suka nutse a kafaɗarsa, ya sunkuyar da kai gaba kamar jakin da ke hawan tudu.

"Ya ka ji?" in ji Asibi.

"Kamar auduga."

"To audugar ce ta fito maka da jijiyar goshi?"

"Zafin rana ne."

Taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu muka ji ɓarrr! Hannun jakar na hagu ya tsinke, jakar ta juya ta ja shi gefe, ta faɗi tim a gaban mai barkono. Na yi salati na ruga, na duba buhuna ta ko'ina, Allah Ya taimake shi bai fashe ba. Da ya fashe, da ranar an ga farauta a cikin kasuwa.

"Kayanki ruɓaɓɓu ne!" in ji Audi yana murza kafaɗa.

"Aljihu goma sha ɗaya fa. Ka duba ko akwai na zuba kunya."

Layinmu duka aka kwashe da dariya. Asibi ba ta yi ba sosai. Ta durƙusa ta jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur, naɗe cikin buhu. A makon nan sau biyu na ga ta ɗauki ƙunshin nan ta nufi wajen Philemon mai ɗinkin takalma, na tambaya ta ce in ji da gishirina. Ta warware. Kai, ni dai ban taɓa ganin mummunar jaka irin wannan ba. Launin ƙasa, ta koɗe, aljihu biyu kacal, ga wani ƙarfe a bayanta kamar guntun tsani mai ɗan dandamali a ƙasa, ga wata faffaɗar ɗamara mai kauri tana reto.

Audi ya ja da baya. "Mene ne wannan? Kejin kaji?"

"Jakar abokinka."

"Abokina mutum ne mai mutunci. Wannan gadon asibiti aka yanka."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ja hannun nan da ƙarfinka, in ya tsinke na ba ka rumfar."

Ya ja. Ya taka da ƙafa ya sake ja. Ko gezau.

"Ɗinki uku ne, da zaren takalmi," in ji ta. "Ƙarfen nan shi ne maganar, ba aljihu ba. Nama ba a cikin jaka za ka sa shi ba, ya yi gumi ya lalace kafin ka fito. Bayan kun yi banda ka zuba a buhu, ba leda ba, ka zaunar da shi kan dandamalin nan, ka ɗaure da igiyoyin nan ya manne da ƙarfe. Mai nauyi kusa da baya. Bargo da tarkace su bi daga waje."

"Ji mai gwanjo tana koya wa maharbi ɗaurin nama. Kin taɓa kashe ko ɓera?"

"Na taɓa kashe bakin maharbi, yanzu ma zan ƙara."

Suka zaunar da buhuna kan ƙarfen, suka ɗaure tam, kanwa a cikin jaka. Daidai nan wata mata ta tsaya tambayar jakar hannu, Asibi ta juya ta sauko mata da ita. Ni kuma ina miƙa wa wata kanwa. Da na waiwayo, me zan gani? Audi ya zaro gammo daga aljihun riga, ya ɗora a ka, ya sunkuya ya cicciɓi jakar nan gaba ɗaya, da ƙarfenta da igiyoyinta da ɗamararta, ya aza a ka! Jakar goyo fa, jama'a, a ka. Ba da gangan ya yi ba, hannu ne ya yi abin da ya saba shekara arba'in.

Mai barkono ya fashe da dariya. Ni ban yi ba, don ina kallon fuskarsa. Ta canza lokaci guda. Hannun dama da ya tallafe jakar da shi ya zame ya faɗo gefensa kamar ba nasa ba.

"Audi!"

Ban taɓa jin Asibi ta kira sunansa haka ba. Ta watsar da jakar matar, ta yi tsalle ɗaya ta ture kayan daga kansa ta tare da kafaɗarta, ta dire su kan tebur. Ya zauna kan bencina ba wanda ya ce ya zauna. Yana ta matsa yatsun da hannun hagu, yana kallon ƙasa.

Ta tsaya a kansa tana haki. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaida min abokin naka, ka ce masa hannu ɗaya ba ya riƙe bindiga."

Ya ɗaga ido ya kalle ta. Sannan a hankali, "Huraira ce?"

"Huraira ce."

"Hm. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa."

"Ka yi fushi da duk wanda ka ga dama. Da ba ta zo ba, Asabar a kan me za a dawo da kai?"

"Asibi," ya ce, kuma wannan karon ba wasa a muryarsa, "tun ina shekara goma sha biyar ban taɓa jin ƙahon farauta ina zaune ba. Shekara shidan nan da aka hana mu, karnukana biyu suka mutu a ɗaure ba su ƙara ganin daji ba. Wa ya san ko baɗi za a shiga? In na zauna wannan karon, na zauna ke nan."

Ta kalle shi. Na ɗauka lallashi za ta yi. Ina! Sai ta kama ƙugu.

"To wa ya ce ka zauna? Ni zan ciyar da kai? Tashi, bawana, ka juya min baya."

"Wa ye bawanki?"

"Ɗan mace bawan ɗan namiji ne, tun kafin a haife ka aka gama wannan shari'a. Yatsun sun dawo?"

Ya motsa su. "Sun soma."

"To tashi. Yau za ka koyi goyo."

"Goyo? Ni? Da gemuna?"

"Gemun ba shi zai ɗauka ba. Matso da bayanka bakin tebur. Zura hannu. Ɗayan. Yanzu sunkuya, yadda Huraira ke yi in za ta goya jika."

"A tsakiyar kasuwa!"

"Ɗazu da ka yi rawa da kakin soja a ɗaki kake? Sunkuya! Yauwa. Ɗan cilla shi sama, ya hau. Ba haka ba, za ka karya wa jariri wuya!"

"Jaririn gishiri ne!"

Na ce, "Gishirin ma yana da uwa, ka bi min shi a hankali."

Ta zagayo gabansa ta kamo bakin ɗamarar biyu. Ya kai hannu zai ɗaure a kan cibiya, ta make hannun.

"Ba a tumbi ba. Tumbi ɗakin tuwo ne, ba ya ɗaukar kaya. Nan, kan ƙashin ƙugu. Ɗaga min wannan randar in ga hanya."

"Randar nan da noma na tara ta."

"Da tuwon Huraira dai. Ja numfashi."

Ta ɗaure ta ja, ta sake ja har sai da ya ce wash. Sannan ta ɗan tsuke igiyoyin kafaɗa, ta haɗa ƙaramar ta ƙirji, ta ce ya miƙe. Ya miƙe a hankali yana jiran ciwo. Ta zura yatsunta biyu ƙarƙashin igiyar kafaɗarsa, suka shige sumul.

"Ka gani? Kafaɗa riƙo kawai take, kada ya faɗi baya. Ƙugu ke ɗauka. Duk macen da ta taɓa goyo ta san wannan, ku ne dai sai an kai ku makaranta."

"Kuma ta zauna min daidai," ya ce yana mamaki, "kamar an auna."

"An auna mana. Tsohuwar rigarka Huraira ta kawo, Philemon ya matsar da igiyoyin daidai tsawon bayanka. Ɗamarar ma sai da aka ƙara mata tsawo, don masu jakar ba su taɓa jin labarin tumbi irin naka ba. Je ka tsamiyar can ka dawo."

Ya tafi. Da farko yana taku kamar mai tsallake kwata, daga baya ya saki jiki. Ya zagaya tsamiya ya dawo, ya ce bai isa ba, ya haura tudun wajen masu doya, ya sauko da ɗan sauri. Ya iso gabanmu ya tsaya. Ya ɗaga hannun dama ya buɗe yatsu ya rufe, ya buɗe ya rufe. Ya lanƙwasa manuniya kamar mai jan kunamar bindiga. Sannan ya ƙyasta yatsa, ƙas! Ya sake, ƙas! Wallahi daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla, na ce barkonon maƙwabci ne.

"Ba laifi," in ji shi.

"Ba laifi?"

"Za a iya maneji. Faɗi kuɗinta."

"Ba ta kuɗi ba ce. Magana biyu za ka faɗa, da ƙarfi, layin nan duka su ji. Ta farko, Kaka ta yi gaskiya da ta ce kai sarkin jiki ne, ba a ɗora masa kaya. Ta biyu, kai Audi bawan Asibi ne."

"Allah Ya kiyaye! In ce Gwarawa sun fi ni sanin kaya?"

"Gbagyi ake cewa. Kuma garin da kake tsaye a cikinsa sunan wa aka sa masa? Nonon da ka sha na wace ce?"

"Ai wannan ba ɗaukar kafaɗa ba ce, ke da bakinki kika ce ƙugu."

"A ka yake?"

"Ba a ka yake ba, amma…"

"To Kaka ta ci."

"Kakar da ta fi sona? Ni take ba ƙanzo, ke ta ba ki wankin tukunya."

"Tausayi ne, an ce mata ba za ka yi wayo ba."

"Ke da kika yi wayon, kin tsufa kina tafe a karkace kamar ƙofar da ta ɓalle!"

"Ni a karkace, amma ina waiwaye. Kai in an kira ka ta baya sai ka yi kwana kamar tirela."

"Shekara hamsin ina cewa kayan kafaɗa wahala ce, yau rana ɗaya in tashi in lashe? Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa!"

"To a bar ta."

"A bar ta ɗin! Riƙe kejin kajinki, ba na so. Kasuwa ai ba rumfa ɗaya ba ce. Rabi'atu, sai wani jiƙon."

Ya fizgi sandarsa, ya gyara hula, ya juya fuu ya nufi ƙofar kasuwa yana ta faɗa shi kaɗai yana kaɗa hannu. Ya wuce masu barkono. Ya wuce masu tukwane. Har ya tsaya ya gaisa da wani mai kaji, ya ci gaba. Asibi ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa, tana yi min alama da ido in yi shiru. Ni kuwa da na ga ya kusa masu babur, haƙurina ya ƙare.

"Audi! Gishirina!"

Ya tsaya cak. Ya kai hannu ƙirji ya taɓa igiya. Ya kai hannu baya ya taɓa buhu. Kasuwa ta ɗauka! Mai barkono har da faɗuwa daga kan benci. Audi ya tsaya a wurin baki buɗe, sannan shi ma dariyar ta ƙwace masa. Ya dawo yana yi yana riƙe ciki, jakar na bayansa ko motsi ba ta yi.

"Wallahi tallahi na manta da shi!"

"Ɓarawon gishiri," in ji Asibi tana share hawaye. "An ce ba a so, an tafi da kaya har da na maƙwabta. Juyo in kwance ka."

Ta jingina jakar da tebur ta ɓalle ɗamarar. Sai a lokacin ya ga abin da tumbinsa ya tare masa. Inda aka ƙara wa ɗamarar tsawo, an naɗe wurin da wani tsohon saƙi mai ratsin baƙi da fari, an bi shi da ɗinki. Dariyarsa ta tsaya. Ya kama bakin ƙyallen yana murzawa da yatsun nan na dama.

"Wannan ai majanyin Kaka ne."

"Shi ne."

"Yana wajenki duk shekarun nan?"

"Ni ce 'yar namiji, wa za a ba? Da shi ta goye ka, da shi ta goye ni. Naka ne dai ya fi yawa, don ka shekara uku ba ka yi tafiya ba. Na wanke shi ya fi sau goma, har yanzu warin fitsarinka bai fita ba."

Ya yi dariya, amma idonsa ya cika taf, bai kuma ɓoye ba. Ya juya ya fuskanci layi, da ƙafafu da komai yadda yake juyawa, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku shaida! Kaka ta yi gaskiya. Kai sarki ne, ba a ɗora masa kaya!"

Aka yi tafi, wata ta rangaɗa guɗa.

"Saura ɗaya," in ji Asibi.

"Ke ma kin san wannan sai dai a lahira." Ya sunkuya ya tsinci gammonsa da ya faɗi tun ɗazu, ya kakkaɓe, ya ajiye mata a kan tebur. "Ungo. Na sallama, 'yar Kawu. Ki sa a gwanjo."

"Wa zai saya? Tukunya zan ɗora a kai."

Na kwance buhuna na ja shi gefe kafin a sake yi min aro, na auna masa mudu guda na gishirin banda na zuba a aljihun jakar, na ce kada ya saba. Ya goya abarsa shi kaɗai, ya sunkuya, ya cilla, ya ɗaure a ƙugu ba wanda ya gaya masa.

"Cinyar dama tawa ce," in ji Asibi. "Kuma ba aike nake so ba. Kai za ka kawo, da hannun nan za ka miƙo min."

"In Allah Ya yarda." Ya ɗan taka ya tsaya. "In kuma aka yi rashin sa'a akuya ce?"

"Ko akuyar ce, ka goyo ta."